Gadon Gidan Winchester: Yadda Fatalwa Ta Yi Kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san cewa kuɗi da dabbobi ba su cika ba da wahala ba. Gida shi ne matsala, balle gidan da mutanen gari suka riga suka ce ba ya kwanuwa. Tarihin irin wannan gida nake so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai daga Amurka, domin ni dai ban san wani gado da jita-jita ta juya shi kamar wannan ba.

Sarah Winchester matar William Winchester ce, ɗan mai kamfanin bindigogin nan na Winchester da ke New Haven. Sun yi aure a 1862. 'Yarsu ɗaya tilo ta rasu tana jaririya a 1866, shi kuma mijin tarin fuka ya kashe shi a 1881, ya bar mata dukiya mai yawa. A 1886 ta sayi wani ƙaramin gidan gona kusa da San Jose a jihar Kalifoniya, ta shiga gini. Yau ta ƙara ɗaki, gobe ta sa a rushe, har gidan ya kai wajen ɗaki 160. Tun tana da rai aka fara yaɗa cewa wai ta yi imani ran da ta daina gini ran nan za ta mutu, aka kuma yi ta cewa wai wani mai duba ne ya ce mata fatalwowin mutanen da bindigar Winchester ta kashe suna bin ta.

To, a watan Satumba na 1922 ta rasu, aka buɗe wasiyyarta. A nan sai mai karatu ya tuna cewa dokarsu ba irin tamu ba ce, wadda ta tsayar da wasiyya a kan sulusi. Mace irinta, ba miji ba ɗa, tana iya ba da dukiyarta duka inda ta ga dama. Kayan ɗaki ta bar wa wata 'yar ƙanwarta, Marion Marriott, wadda ta ɗebi abin da take so ta sa sauran a gwanjo. Dangi an tsara musu abin da za su riƙa karɓa muddin ransu, bayan su kuma kuɗin ya koma wa asibitin masu tarin fuka da ta gina a Connecticut da sunan mijinta. Wato ke nan mace ce mai hankalinta, ta san inda kowace dala za ta. Amma gidan da ta yi shekaru tana ginawa, ko sunansa ba ta ambata ba.

Nan masu kula da gadon suka sami kansu cikin tsaka mai wuya. Masu yi wa kadara kuɗi suka zagaya gidan suka ce ba shi da wata daraja. Ba kuwa fatalwa ce ta sa suka faɗi haka ba. Girgizar ƙasar 1906 ta kayar da hasumiyarsa mai hawa bakwai, ta lalata sassa da yawa, Sarah ta sa aka toshe su ba a gyara ba. Wannan shi ne asalin wasu ƙofofin da ke buɗewa ga sarari da matakalar da ba ta kai ko'ina. Wa zai sayi irin wannan ya zauna? A ƙarshe aka sayar a kan sama da dala 135,000, kuma ga dukkan alamu filin aka saya, ginin gyara ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Masu sayen suka ba wani John Brown da matarsa Mayme haya. Shi Brown sana'arsa ke nan harkar wuraren wasa, saboda haka ya ga abin da masu ƙiyasi ba su gani ba. A 1923 aka buɗe gidan ga 'yan kallo, ana karɓar kuɗin shiga, ana zayyana musu labarin fatalwa. Zancen da ya zubar wa matar da mutunci shi ya zama jarin wasu. Sai a 2010 wata malamar tarihi, Mary Jo Ignoffo, ta fitar da littafi bayan ta bi wasiƙu da takardun Sarah, ta nuna babu wata shaida a kan mai duban nan, kuma gini ya kusa tsayawa tun 1906. Hatta gajerun matakalan da ake nuna wa baƙi, ciwon gaɓoɓi ne ya sa ta yi su haka. Duk da haka a 2018 aka yi fim a kan tsohon labarin.

Kada kuma a ɗauka kullum haka take kasancewa. A 1991 wata kotu a jihar New York ta yarje wa Jeffrey Stambovsky ya nemi warware cinikin wani gida a garin Nyack na dala 650,000, saboda mai gidan, Helen Ackley, ta sha gaya wa 'yan jarida akwai fatalwa a ciki, amma shi ba ta gaya masa ba. Alƙalan ba su tsaya binciken ko akwai fatalwar ba. Cewa suka yi tunda da bakinta ta yaɗa zancen, ba ta da ikon musa shi ranar ciniki.