Motar Kara ta Ƙungiyar JETS

Idan 'yan ajinmu ba su manta ba, tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ne ya kawo mana darasin fasaha, amma injinan koyarwar suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu lantarki. A 1992, shekarar da aka fara gasar mutum-mutumi ta FIRST a Amurka, mu biyar 'yan Kusada muka haɗa mota da karan dawa, gwangwanin madara da injin tsohuwar rediyo mai kaset. Malaminmu na JETS, Allah ya jiƙansa, cikin albashinsa ya sayo mana batir a Kankiya. Ranar gasa a Katsina, a gaban alƙalai, motar ta yi tafiyar taku bakwai, sai roba ta tsinke. Mu muka zo na huɗu.