Badagry da aljihun Legas

A watan Yulin 1863 sarakunan Badagry suka sa hannu a takardar da ta miƙa garinsu ga Sarauniyar Ingila. Abin da Turawan Legas ke hari a cinikin shi ne kuɗin fito. Shekara biyu ke nan da suka karɓe Ikko, wato Legas, sun ɗora haraji a kan kayan da ke shiga tasharta, sai 'yan kasuwa suka gane cewa in suka sauke giya da taba a Badagry, suka bi da su ta ƙorama cikin kwalekwale, babu mai karɓar ko sisi a hannunsu. Gwamnatin da ba ta da wata hanyar samun kuɗi sai kwastan ba za ta zura ido ana yi mata haka ba. Aka yanka wa sarakunan albashi, kuɗin fito ya koma baitulmalin Legas. Tun daga ranar, duk abin da Badagry ke so, hanya ce ko asibiti ko gada, sai ta je ta roƙa a wani gari.

Kafin nan kuwa ita ake roƙo. Garin yana yamma da Legas da tazarar kusan kilomita sittin, dab da iyakar Jamhuriyar Benin ta yau, kuma ƙorama ce ta raba shi da siririn tsibirin Gberefu inda teku take. Mutanensa Ogu ne, waɗanda aka fi kira Egun, tare da Awori. Ya bunƙasa ne bayan da Dahomey ta ci Allada a 1724 da Wida a 1727, 'yan gudun hijira suka kwararo gabas, wani Bature ɗan Holan mai suna Hendrik Hertogh ya kafa kasuwarsa a wurin a shekarun 1730. Hajar da ake sayarwa mutane ne. Daular Oyo ce ke turo su daga cikin ƙasa, ana tsallakar da su ƙorama, a tasa ƙeyarsu cikin yashi zuwa bakin teku. Garin ya kasu unguwa takwas, kowacce da sarkinta da Turawan da take hulɗa da su, kowane sarki kuma da nasa kuɗin fito. Arzikin ya jawo hassada: a 1784 sojojin Dahomey suka far wa garin suka ragargaza shi, amma bai ɗauki lokaci ba ya sake miƙewa.

Hanyar da ke kawo bayin ita ce ke kaiwa ƙasar Hausa. Daga Badagry Kyaftin Hugh Clapperton ya tashi a watan Disamban 1825, da yaronsa Richard Lander, da wani Bagobiri mai suna Abubakar da Turawa ke kira Pasko, wanda aka sayar bawa, aka 'yanta shi, ya yi aiki a jiragen yaƙin Ingila. Suka bi ta Oyo da Busa da Zariya, suka shiga Kano, sannan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Clapperton ya rasu a watan Afrilun 1827. Da Lander ya komo Badagry, dillalan bayi 'yan Fotugal suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka ba shi gwaska ya sha, ya tsira da ƙyar.

Faɗuwar garin ba ta zo rana ɗaya ba. Mishan sun fara sauka nan ne a 1842, suka gina benen da har yau ake nuna wa baƙi a 1845, amma idonsu na kan Abeokuta, kuma da hanya ta buɗe suka wuce. A 1851 yaƙin basasa ya ƙone babban ɓangaren garin, saboda rigimar sarautar Legas tsakanin Akitoye da Kosoko ta malalo cikinsa. A ƙarshen shekarar jiragen Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka mayar da Akitoye gadon sarauta, 'yan kasuwa da mishan suka kwashe kayansu suka bi shi. Da aka zo shimfiɗa layin dogo, daga Legas ya tashi, ya isa Ibadan a 1901, ya wuce Kano bayan shekara goma. Gyaɗa da fata da auduga duk suka bi ƙarfe zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Badagry ta koma garin kamun kifi da saƙar tabarma da kwakwa, wadda limaman Katolika suka dasa gonarta a Topo tun shekarun 1870.

Ko ubangidan ma bai tsaya ɗaya ba. A zamanin siyasar jihohi uku an haɗe Badagry da Jihar Yamma, sai ya zama takardar koke Ibadan take tafiya, ta wuce Legas a hanya. A ranar 27 ga Mayun 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Badagry ta zama ɗaya daga gundumomi biyar na sabuwar Jihar Legas, tare da Ikeja da Ikorodu da Epe da tsibirin Legas. Gwamnan farko, Mobolaji Johnson, ya ba garin kyautar da ta fi kowacce girma a tarihinsa na zamani: babbar hanyar mota daga Legas, wadda ta ɗore har iyakar Seme. Gwamnatin tarayya ta kafa kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON a Topo, daga baya aka buɗe cibiyar koyon Faransanci a Ajara a 1991. Jami'ar jiha da Lateef Jakande ya kafa a 1983 tana kan wannan hanya, sai dai a Ojo ta tsaya, can kusa da birni.

Wanda ya duba abin da shugabannin garin da wakilansu biyu a majalisar dokokin jiha mai kujeru 40 suka daɗe suna nema, zai ga hanyar nan ce kullum a gaba. Ita ce ke haɗa Najeriya da Kwatano da Lome da Akra, manyan motoci sun cinye ta, tafiyar awa ɗaya ta koma ta rabin wuni. A 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta fara faɗaɗa ta zuwa layi goma, da jirgin ƙasa a tsakiya. Aikin ya ci gwamna biyu ya shiga hannun na uku. Jirgin ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023, daga Marina zuwa Mile 2, wato bai ma fita daga birnin ba. Wani abin da ya dagula lamarin shi ne hanyar ta tarayya ce: jiha ta ɗauki ɓangaren da ke kusa da birni, inda ƙuri'u suke, ɓangaren Agbara zuwa Seme ya rage a wuyan Abuja. Ɗan Badagry ya zama kamar maraya mai kawu biyu, kowanne na cewa ɗayan ne zai yi masa kayan salla. Ga kuma shingayen jami'an tsaro da na kwastan da aka jera a kanta saboda fasa-ƙwauri, waɗanda mai kai kifi kasuwa ke biya wa da lokacinsa da aljihunsa. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, kasuwannin yankin suka mutu murus, kuma wannan hukunci ba a Ikeja, hedikwatar jiha, aka yanke shi ba balle a je can a yi kuka.

Inda jiha ta fi sakin hannu shi ne tarihi. Ofishin D.O. da aka gina a 1863 ya zama gidan adana kayan tarihi, ana kai ɗalibai barikin bayi na Seriki Williams Abass su ga sarƙoƙi, ana shirya bikin tarbar jikokin bayi daga Amurka da Brazil. Ba laifi ba ne, amma aiki ne mai araha, mai kyau a hoto, kuma baƙon da ya sha wuya a hanya da wuya ya kwana ya kashe kuɗi a garin. Manyan jarin kuwa gabas suka nufa: tashar jiragen ruwa mai zurfi da matatar man Dangote duk a Lekki suke. Tashar da aka yi wa Badagry alkawari, wadda majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da ita a 2022 a kan dala biliyan 2.59, kuɗin 'yan kasuwa take jira. A 2016 aka fara haƙo mai a rijiyar Aje da ke cikin teku daura da garin, abin da ya sa Legas ta shiga sahun jihohi masu neman kashi 13 cikin ɗari na arzikin ƙasa. Kason jiha ake ba, ba gari ba, don haka sai da sabon roƙo. Haka ma hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka yi zancenta tun mulkin Shagari aka kuma ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, daga arewa aka fara ta.

Dokar da ta fi taɓa aljihun garin kai tsaye ita ce ta ƙananan hukumomi. A 2003 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙara 37 a kan 20 da Legas ke da su, Badagry ta samu ƙarin biyu, Olorunda da Badagry ta Yamma. Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar gaba ɗaya. A watan Disamban 2004 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin riƙewa, amma ta ce sababbin ba su cika ƙananan hukumomi ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su kundin tsarin mulki. Ba ta shigar ba. Jiha ta canza musu suna zuwa yankunan raya ƙasa, kuɗin kuma sai a 2007 Umaru 'Yar'aduwa ya kammala sakin su. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta sake yanke hukunci cewa a riƙa tura kason ƙananan hukumomi 774 kai tsaye zuwa asusunsu, ba ta hannun gwamna ba. A wannan lissafin Badagry ɗaya ce, alhali a ƙasa shugabanni uku ne, da kansiloli da ma'aikata da sakatariya uku, duk suna sa ran albashi daga kaso guda.