Tarihin Gwajin Hanta Ta Hanyar Numfashi

Takardu da dama sun iso mana daga manoma da 'yan kasuwa, tambayarsu guda: wai gaskiya ne likita yana iya sanin lafiyar hantar mutum daga numfashinsa, ba tare da an yanka shi ba? To, amsa ita ce gaskiya ne. Amma ku gyara zama, domin abin yana da tarihi.

Tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, likitocin ƙasar Girka, irin su Hippocrates wanda Larabawa ke kira Abuƙirat, sukan sunsuni numfashin majinyaci. Sun lura cewa wanda hantarsa ta lalace, bakinsa yakan fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi da bashi-bashi. Dalili kuwa shi ne, hanta ita ce matatar jiki. Idan ta gaza, dattin da ya kamata ta tace sai ya bi jini zuwa huhu, ya fito ta baki. Matsalar ita ce, kafin hancin likita ya ji wannan wari, ciwo ya riga ya ci jiki. Saboda haka masana suka shiga neman hanyar gano ɓarna tun da sauran dama.

A wajen 1780, wani masani ɗan Faransa mai suna Lavoisier ya nuna cewa jiki yana ƙona abinci kamar yadda murhu ke cin gawayi, sannan ya fitar da iskar kabon ta numfashi. A 1971 kuma, Linus Pauling na Amurka ya gano sinadarai kusan 250 a cikin numfashin ɗan Adam. A tsakanin nan, hanyar da aka fi dogara da ita wajen ganin halin hanta ita ce a soka allura ta tsakanin haƙarƙari a gutsuro ɗan nama. Wani likitan Italiya, Menghini, ya sauƙaƙa wannan aiki a 1958. Duk da haka akwai zafi, akwai kuma haɗarin zubar jini.

A 1974 ne likitoci biyu a Amurka, Hepner da Vesell, suka gwada wata dabara a kan mutane. Kun san yadda makiyayi ke yi wa saniyarsa shaida don ya gane ta a cikin garke? To haka suka yi wa wani magani mai suna aminofirin, suka sa masa kabon mai shaida. Majinyaci ya sha, hanta ta narka maganin, kabon ɗin ya fito ta numfashi, a auna. Idan ya fito da yawa kuma da sauri, hanta na da ƙarfi. Idan ya fito kaɗan, ta yi rauni. Sai dai kabon da suka yi amfani da shi, mai lamba 14, yana fitar da ɗan tururin nukiliya, don haka bai dace da mai juna biyu ko yara ba. Daga baya aka koma ga kabon mai lamba 13, wanda ba ya da wannan illa.

A 2009, likitocin asibitin Charité da ke Berlin ta Jamus suka fito da bayanin gwajin da ake kira LiMAx. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari, metasetin, a jijiya, a rufe masa hanci da baki da wata 'yar takunkumi, na'ura ta auna numfashinsa cikin abin da bai wuce awa guda ba. Amfaninsa babba shi ne kafin tiyata. Likita zai san ko ragowar hantar za ta iya riƙe mutum idan aka yanke wani ɓangare.

Ga wani abin da zai ba manoma mamaki. Gero da dawa da masara da rake sun fi shinkafa da alkama yawan kabon mai lamba 13. Wannan ya sa ake fara auna numfashin mutum kafin a ba shi maganin, kuma akan ce ya zo bai ci kome ba, don kada tuwon da ke cikinsa ya rikita lissafi.

Yanzu ga jan kunne. Wannan gwaji ƙarfin hanta yake aunawa, ba ya faɗin abin da ya kawo ciwon. Na'urarsa tana da tsada, manyan asibitoci ne ke da ita. Duk wanda ya kafa tebur a kasuwa da kwamfuta ya ce ka hura iska ko ka riƙe wani ƙarfe zai ga hantarka, aljihunka yake dubawa.

Abin da ke hannunmu ya fi kusa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Blumberg ya gano alamarta a 1965, ana gane ta da ɗigon jini, kuma rigakafinta ya shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya a 2004. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa suna ɗauke da gubar da ke cin hanta, don haka a busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a rumbu. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa na kumbura, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya ga jiƙe-jiƙe kawai.