Hatimin Bakatsine da lamba 275,305,224

Har gobe akwai masu cewa wai ƙasar Hausa ba ta san lissafi ba sai da Nasara ya buɗe lakwal. Mai wannan magana ya leƙa zauren malami a Madawa, Buza ko Keita, ya roƙi a zana masa hatimi mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. A haɗa a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 ce ke fita.

Gwanin wannan fanni kuwa namu ne, Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Masu rigimar Bafulatani ne ko Bahaushe su sarara mana, sunan nasa ya ɗauko asali ya ɗauko gari, Katsina ce dai ta yi riba. Ya bar gida ya sauke farali a Makka, sannan ya yada zango a Alƙahira. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafin da ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimi mai gefe mara: uku, biyar, bakwai, har sama. Daɗin marar shi ne tana da cibiya. A mai gefe biyar, daga 1 zuwa 25, lambar tsakiya 13 ce, a ninka ta sau biyar, 65 ke nan, jimlar kowane layi. Mai gefe bakwai 175, mai gefe tara 369. Ba aljani a ciki, ƙa'ida ce tsagwaronta, ko da yake shi kansa Shehun bai raba ta da ilimin haruffa da taurari ba, kamar sauran malaman zamaninsa.

Mutumin da ya taso daga ƙasar Hausa, sai ga shi babban baƙo a gidan Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar! A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa.

Sauran labarin ƙidaya ne. Mai gefe uku iri ɗaya tak gare shi, in an cire juyi da birkitawa. Mai gefe huɗu iri 880, lissafin Bafaranshe Frénicle da aka buga a 1693. Mai gefe biyar sai da kwamfuta ta zo: a 1973 Richard Schroeppel na Amurka ya samu 275,305,224. Cika ce, ba mara ba. Tana rabuwa da 8, tana rabuwa da 3 tunda alƙalumanta sun haɗa 30, wato 24 sau 11,471,051.

Malaman lissafi na kwalejojin jihar Tawa, a sa sunan Shehu al-Kashinawi a darasi.