Logaridim: Daga Jadawalin Napier Zuwa Manhajar Kwamfuta

A farkon ƙarni na 17, ninka manyan lambobi da hannu shi ne babban abin da ke cinye lokacin masana taurari a Turai, kuma kuskure guda kan rushe lissafin kwanaki. John Napier, mutumin ƙasar Sikotilan, ya shafe kimanin shekara 20 yana neman mafita. A shekarar 1614 ya wallafa jadawalin abin da ya kira logaridim, dabarar da ke mayar da ninkawa ta koma tarawa.

Henry Briggs, malamin lissafi a birnin Landan, ya ziyarce shi a 1615, suka amince a ɗora dabarar a kan lamba 10. A wannan tsari logaridim ɗin 100 shi ne 2, na 1,000 kuma 3, wato adadin goma-goman da aka ninka kafin a sami lambar. Wanda zai ninka 100 da 1,000 sai ya tara 2 da 3 ya sami 5, jadawali ya nuna masa 100,000. A 1624 Briggs ya fitar da jadawalin lambobi 30,000, Johannes Kepler kuma ya yi amfani da logaridim a jadawalin taurarinsa na 1627.

Na'urar lissafi ta aljihu ta kawar da buƙatar jadawalan a shekarun 1970, sai dai kafin nan logaridim ya riga ya sami wani aikin: taƙaita lamba mai tsananin girma domin ta zauna a ma'auni ɗaya da ƙarama. Da shi Charles Richter ya tsara ma'aunin girgizar ƙasa a Amurka a 1935.

Wannan aikin ne masu rubuta manhaja suka gada. A harshen Python, umarnin log10 kan mayar da 1,000,000 ta zama 6, 10 kuma ta zama 1, duka biyun su bayyana a zane guda. Da yake sifili ba shi da logaridim, akan ƙara 1 a kan lambar tukuna, abin da umarnin log1p ke yi ke nan.

Taƙaitawar tana da haɗarinta ga wanda bai san tushenta ba. Mai karatu zai ga girgiza mai maki 7 da mai maki 5 ya ɗauka tazararsu kaɗan ce, alhali motsin da na'ura ta auna a ta farko ya ninka na ta biyu sau 100.