Tarihin Yumɓu A Cikin Maganin Rauni

Tun zamanin da mutane ke shafa yumɓu a rauni. A tsibirin Limnos na ƙasar Girka akwai wata jar ƙasa wadda a kan haƙa, a wanke, a cura ta ƙanana, sa'an nan a buga mata hatimi don kada a yi algus. A ƙarni na 2 babban likitan nan Jalinusa ya tafi tsibirin da kansa, ya komo da curi 20,000. Amma fa babu wanda ya san dalilin amfaninta, gama ba a gano ƙwayoyin cuta ba tukuna.

Da aka fara yin finisilin da yawa wajen 1943, sai likitoci suka yi watsi da yumɓu. Bayan shekaru kuwa waɗansu ƙwayoyin suka daina jin magani, tilas aka waiwayi abin da aka bari.

A 2002 wata Bafaranshiya, Line Brunet de Courssou, ta kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya labarin yadda ta yi jinyar masu gyambon Buruli a Kwaddibuwa da koren yumɓun Faransa. Masana a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka gwada iri biyu na yumɓun. A 2008 suka bayyana abin mamaki: ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗayan kuwa ƙara musu yawa ya ke yi. Daga bisani suka gane asirin a wani yumɓu na Oregon, watau sinadarin alminiyam ke lalata fatar ƙwayar, na ƙarfe ya kutsa ciki ya hallaka ta.

Ɗayan reshen tarihin daga masana'antar mota ya fito. A ƙarshen shekarun 1980 masanan Toyota a Japan suka gauraya yumɓu kaɗan da nailan, sai ya ƙara ƙarfi ƙwarai. Masu binciken magani suka ari dabarar. Shi yumɓu falle-falle ne masu tsananin sirantaka, sai a cusa azurfa ko magani tsakaninsu, a haɗa da polima, kamar kitosan da ke fitowa daga ɓawon ƙaguwa. Da haka a kan sami abin ɗaure rauni mai sakin magani sannu a hankali. Yawancinsu har yanzu a ɗakin gwaji su ke.

Ashe mutanen da sun yi gaskiya, amma rabinta. Ba kowane yumɓu ke warkarwa ba, ƙasar da aka ɗebo haka kawai ma tana iya sa wa mai rauni ciwon sandarewar jiki. Hatimin Limnos ya nuna inda ƙasa ta fito, gwaji kaɗai ke nuna abin da ke cikinta.