Tambayar Samuwa a Zauren Malam

Ana yawan ɗauka cewa binciken haƙiƙanin samuwa sai a jami'a, cikin littattafan Aristotal. Wannan zato bai yi wa zaurukan karatun ƙasar Zazzau adalci ba, daga birnin Zariya har garuruwa irin su Likoro da Makarfi. Duk ɗalibin da ya buɗe Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ba a kai shi ga siffofin Allah ashirin sai an raba masa hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Raken da ke fadamar Likoro ja'izi ne. Hankali ya yarda a same shi, ya kuma yarda a rasa shi, saboda haka dole akwai wanda ya rinjayar da samuwarsa a kan rashinsa. Wannan rabo ɗan'uwan wanda Ibnu Sina, da ya rasu a 1037, ya yi ne tsakanin wajibin samuwa da mai yiwuwar samuwa, kuma ta hannun irin su Fakhruddin Razi ya zauna daram a tauhidin Ash'ariyya. Har saɓanin ko samuwar abu ita ce zatinsa ko ƙari ce a kansa, Sanusi ya taɓo shi a sharhinsa.

Mai suka zai ce ai wannan tauhidi ne, an riƙe amsa tun kafin tambaya, sauran kuma hadda. Zancen hadda akwai ƙamshin gaskiya, amma gazawar mai koyarwa ce, domin Sanusi kansa ya tsananta a kan taƙlidi, kowace siffa ta wajibi sai da ya kafa mata hujjar hankali. Wanda ya kafa hujja kuwa ya yarda ke nan a auna ta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa masu ilmin kalam na zamaninsa, wato masu irin wannan tauhidi na hujjar hankali, raddi. Sai dai abin da ya ƙi shi ne kafirta talaka don bai iya jero hujjojin malamai ba, nazarin kansa bai haramta shi ba. Jikansa ta wajen 'yarsa Khadija, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, a cikin zuri'ar Shehun ya tashi, kuma ya yi rubutu a kan falsafa da matakan samuwa.